Gyaran Soro Da Katanga Tun Damina Ba Ta Kankama Ba

Wannan bayani ne a kan gyaran ginin ƙasa, watau soro da zaure da katanga, irin gyaran da mai gida zai iya yi da hannunsa, shi da 'ya'yansa ko almajiransa, da kuma iyakar inda ya wajaba ya janye hannunsa ya kira magini.

Dalilin kawo wannan zance ba ɓoyayye ba ne. Ranar Juma'a 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, wani sashe na babban masallacin birnin Zariya ya rufta wa mutane suna cikin sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya. Wannan kuwa gini ne na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya ɗaga shi a wajen shekarun 1830, har ya zama abin misali ga magina duka. Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin ana gobe abin zai auku, ana cikin shirin kawo masana su duba ke nan. Sa'an nan a farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe saboda yawan ruwan sama. To, idan ginin gwanaye, wanda idon jama'a ke kansa kullum, ya iya zuwa ga wannan hali, ina ga ɗakin da mai shi bai hau kansa ba shekara uku? Cikin irin waɗannan ɗakuna kuwa yara ke kwana, cikinsu malami ke ajiye littattafan da ya gada, cikinsu ɗan kasuwa ke jibge hajar da ita ce jarinsa duka.

Ku sani, ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ya zuba ya wuce. Abin da ke ka da shi shi ne ruwan da ya sami wurin kwana. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye, domin mutanen garin ba su daina sabunta mata yaɓe ba; itatuwan nan da suka firfito a jikinta ma su ne matakan masu gyara. Saboda haka gyaran gida duka, daga farkonsa har ƙarshensa, abu guda ne: a ba ruwa hanya ya tafi. Ƙofofin da yake shiga gini kuwa uku ne: ta kai, watau rufi, ta fuska, watau yaɓe, ta ƙafa, watau gindin bango.

Fasali na farko, a kan dubawa

Lokacin wannan aiki shi ne bazara, tsakanin watan Maris da na Afrilu, a gama tun kafin ruwan farko, domin yaɓen da ruwa ya tarar da shi ɗanye aikin banza ne. Wani abin lura kuwa, a daidai wannan lokaci ne ɗorawa ke nuna, ita ce kuwa uwar makuba.

Kafin mai gida ya hau soro, ladabi shi ne ya aika a sanar da maƙwabta, don iyalinsu su kintsa. Ya kafa tsani a ƙasa mai tauri, wani ya riƙe masa, ya kuma lura da wayar lantarki, domin a cikin birni sau da yawa takan ratsa daf da rawanin gini. In ya hau, ya taka ta gefe gefe kusa da bango, kada ya nufi tsakiya sai ya tabbata rufin yana da ƙarfi.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne ya sa a miƙo masa garwar ruwa guda, ya zuba a wurin da ya fi tudu, ya tsaya ya zuba ido. Idan ruwan ya miƙe ya bi ta indararo ya fita, madalla. Idan kuwa ya tsaya ya yi tafki a wani wuri, ko ya ɓace cikin wata tsaga, to, ya zagaye wurin da gawayi, nan ne ciwon yake.

Sa'an nan ya sauko ya shiga ɗaki da fitila da wuƙa. Ya dubi azara ɗaya bayan ɗaya, musamman inda kawunansu suka shige cikin bango, domin nan ne laima ke taruwa, nan ne gara ke farawa. Ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa: azara mai lafiya tana da amo mai tauri, wadda gara ta cinye kuwa sai a ji ta kamar ganga. Ya dubi tabon yoyon bara a jikin bango, ya dubi ƙasa ko akwai garin itace da ya zubo. Daga nan ya zagaya bayan gida, ya bi gindin katanga taki taki, yana dubawa ko ta zaizaye.

Fasali na biyu, a kan haɗa ƙasa

Ƙasar gini tana da abu biyu a cikinta, yumɓu da rairayi. Yumɓu shi ke riƙewa, rairayi shi ke hana tsagewa. In yumɓu ya yi yawa, yaɓe ya bushe ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. In rairayi ya yi yawa, a shafa da hannu ya zube. Tun da ƙasar kowane kududdufi da halinta, babu awo guda da zai yi wa kowa daidai, sai gwaji. Mai gida ya kwaɓa kashi uku 'yan kaɗan: na farko ƙasa zalla, na biyu kwano 2 na ƙasa da kwano 1 na rairayi, na uku kwano 1 da kwano 1. Ya yaɓa kowanne a jikin bango gwargwadon tafin hannu biyu, ya bar su kwana biyu. Wanda ya bushe bai tsage ba, bai kuma zube ba da aka murza shi da yatsa, shi ne awonsa.

Mafificiyar ƙasa ga gyara ita ce irin wadda aka yi ginin da ita tun asali, har ma tsohuwar da aka kankare tana da amfani in an sake jiƙa ta, in dai ba daga gindin bango ta fito ba, inda gishiri ya kama ta. A zuba mata busasshiyar ciyawa wadda aka sassara gajeru, a zuba ruwa, a tattake da ƙafa har ta haɗu, a rufe ta a bar ta ta kwana biyu ko uku, a sake tattakawa. Ciyawar nan ita ce ke ɗinke ƙasa lokacin da take bushewa. Wanda ya kwaɓa da safe ya yaɓa da hantsi, da kaka zai sake.

Makuba kuwa ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne, bayan an cire garin da ƙwayar. Akan daka shi a jiƙa, ko a tafasa, har ruwan ya yi ja ya yi duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa yaɓen ƙarshe, da shi kuma ake yayyafawa bayan an gama. Yana ɗauke da irin sinadarin nan mai ɗaci da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, shi ne ke sa fuskar yaɓe ta yi tauri ruwa ya riƙa zamewa. Wanda ya fi makuba daɗewa shi ne laso, wanda magabata ke haɗawa da abu uku: katsi, watau dagwalon da ke kwantawa a ƙarƙashin rijiyar marina, a kwaso shi a shanya a ƙone a daka, da gashin jima daga majema, da yauƙin saiwar dafara. Da shi marina ke shafe rijiyoyinsu, irin na Ƙofar Mata a Kano, su riƙe ruwan baba bai tsiyaye ba. Yau katsi ya yi wuya saboda marina sun ragu, amma makuba tana samuwa a kasuwannin ƙauye.

Fasali na uku, a kan rufi da indararo

Ga wani lissafi domin ma'abota lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, idan aka yi ruwa na inci 1, abin da zai sauka a kansa ya kai lita 340, watau kusan garwa 19. A watan Agusta kuwa ruwan dare ɗaya yana iya kai inci 2, watau garwa 38. Duk wannan ruwa ta bakin indararo guda ko biyu zai fita. In leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwan nan kan rufin zai kwana, ya ratsa ƙasa, ya jiƙa zana, ya isa ga azara.

Saboda haka aikin farko shi ne share rufi tas: ganye, da kashin awaki, da tsummoki, da tarkacen da ake jefawa sama. Duk ciyawar da ta tsiro a tumɓuke ta har saiwa, domin ramin saiwa hanyar ruwa ce.

Aiki na biyu, wanda a nan ne mutane da yawa ke kuskure, shi ne kankare tsohon yaɓen da ya saki kafin a ɗora sabo. Wani mai gidan kowace shekara sai ya ƙara ƙasa a bisa ƙasa, yana zaton ƙarfi yake ƙarawa, alhali kuwa nauyi yake ƙarawa. Ƙasa mai kaurin inci 1 a kan wannan ɗaki da aka ambata ta fi rabin tan nauyi, watau ta fi buhun siminti 10. Wanda ya yi haka shekara 5 bai kankare ba, ya ɗora wa azararsa abin da ya fi buhu 50, tun ruwa bai jiƙa ƙasar ta ƙara nauyi ba. Babu ɗan kasuwar da zai yi wa jakinsa irin wannan lodi.

In an kankare, a yayyafa ruwa wurin ya yi laima, amma kada ya yi caɓi. A cike kwarin da aka zagaye da gawayi kaɗan kaɗan, kowane shafi kada ya wuce kaurin yatsa, a bar shi ya sha iska kafin a ƙara wani. A daidaita gangara ta nufi indararo, a daɓe da madaɓi, sa'an nan a bi da yaɓen makuba. A yi aikin da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin ranar tsaka takan busar da fuska ta bar ciki ɗanye, sai ya tsage. In ƙananan tsagogi sun fito washegari, a murje su da dutse mai santsi da ruwan makuba tun yaɓen bai gama ƙeƙashewa ba.

Shi kuwa indararo, ko na giginya ne ko na kasko ko na kwano, sharuɗɗansa uku ne. Ya fito daga bango kamar ƙafa 2, don kada ruwa ya koma ya bi jikin gini. Bakinsa na ciki ya zauna ƙasa da fuskar rufi, a liƙe kewayensa da kyau, domin mahaɗar nan ita ce wurin yoyo mafi yawa. A kuma ajiye faffaɗan dutse ko fasassun tukwane inda ruwan ke faɗuwa, don kada ya haƙa rami ya fantsama wa gindin bango. Sa'an nan mai gida ya dubi inda ruwansa ke zuwa. Juya indararo ya zuba a katangar maƙwabci cuta ce wadda malaman fiƙihu suka hana, ta kuma raba zumunci da yawa a gaban alƙali. A ƙarshe a gyara rawani da zankaye, domin su ne ke fara karɓar ruwa, in kansu ya buɗe ruwa ya shiga tsakiyar bango ya sauka ba mai gani.

Fasali na huɗu, a kan tsaga

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ruwa ya fi ƙadangare iya shiga. Amma tsaga iri biyu ce, wajibi ne a rarrabe su. Akwai ta yaɓe, siririya, mai rassa kamar saƙar gizo, wadda ba ta wuce fata ba. Wannan a kankare, a jiƙa, a sake yaɓawa, shi ke nan. Akwai kuma ta jikin gini, mai zurfi, wadda wuƙa ke shigewa cikinta.

Ita wannan ta biyu, kafin a taɓa ta sai a san tana tafiya ne ko ta tsaya. A manna takarda da ƙaro a gicciye a kanta, a ja layi da gawayi a iyakar kanta da iyakar ƙafarta, a rubuta kwanan wata a gefe. A duba bayan mako guda, a sake dubawa bayan mako biyu. In takardar ba ta yage ba, tsagar kuma ba ta wuce layi ba, ta tsaya, mai gida yana iya gyara ta. Ya buɗe bakinta da diga ko wuƙa, ciki ƙunci waje faɗi, ya share ƙura, ya jiƙa. Ya sassaƙa gurabe a gicciye, tsakanin kowane biyu kamar kamu guda, ya kwantar da guntayen azara a ciki, su zama kamar ɗinki a tsohuwar riga. Sa'an nan ya cusa ƙasa daga ƙasa zuwa sama, kashi kashi, yana dannawa da sanda. In kuwa takardar ta yage, to, ginin motsi yake yi, cike tsagar ɓoye ciwo ne kawai.

Fasali na biyar, a kan gindin bango

Yawancin katangun da ke faɗuwa, ta ƙafa ake cin su. Ruwan da ke kwance a lungu yakan hau cikin bango kamar yadda mai ke hawa lagwani, ya tafi da gishiri. In ya bushe gishirin ya rage, ya riƙa marmashe ƙasa, awaki kuma su zo su lasa su ƙara rami. Wurin wanka, da makewayi, da turken dabbobi, da famfon da ke ɗiga, duk abokan gabar gindin bango ne. Kafin a gyara ramin, a fara kawar da sababinsa: a yi wa ruwan wanka magudana, a matsar da turke, a cike ƙasa a bakin bango ta gangara waje.

Wajen cike zaizayar kuwa akwai ƙa'ida wadda rai ya rataya a kanta: kada a sassaƙe gindin bango gaba ɗaya. A raba shi gaɓa gaɓa, kowace gaɓa kamar ƙafa 2. A gyara ta farko, a tsallake ta biyu da ta uku, a gyara ta huɗu. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a kai ga mai tauri, a zubar da ita nesa saboda gishirinta, a jiƙa wurin, a jera busasshen tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a cusa har ya tokare sama sosai. Sai waɗannan sun bushe a komo kan waɗanda aka tsallake. In an gama, a yi dakali a jikin bangon ta waje. Dakalin ƙofar gida wurin hira ne da karatu, amma asalinsa garkuwa ce: shi ke karɓar fantsamar ruwa da gogar dabbobi, in ya ci a sabunta shi da arha.

Tanbihi a kan siminti

Mutane da yawa, in sun sami kuɗi, sai su shafe ginin ƙasa da siminti, suna cewa sun huta. Shekarar farko da ta biyu abin gwanin kyau. Amma siminti da ƙasa ba sa haɗuwa su zama jiki guda, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai da juna, saboda haka tilas simintin ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, laima kuma ta hau daga ƙasa, su rasa hanyar fita, domin siminti ya hana bangon shan iska. Sai ƙasa ta riƙa narkewa a ɓoye, fuska tana kyau ciki yana ruɓewa, har ran da fallen zai ɓallo gaba ɗaya. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Wanda ya riga ya yi, ya riƙa ƙwanƙwasawa kowace bazara. Inda ya ji amon rami ya fasa ya duba. Wanda bai yi ba, yaɓen ƙasa da makuba, ko shafen farar ƙasa, ya fi masa, domin suna barin bango ya bushe. Mai hali kuma, in ya ɗora rufin kwano mai baki da ya fito ya rufe kan bango, ya fi masa amfani da buhunan siminti.

Fasali na ƙarshe, a kan iyakar mai gida

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai alamu waɗanda in mai gida ya ga ɗaya daga cikinsu, aikin ya fi ƙarfinsa: azara ta lanƙwasa ko ta fara karyewa, tsaga ta ratsa bakan gizo ko ɗaurin guga, bango ya karkata ko ya yi ciki, kusurwa ta rabu, tsagar ta fi faɗi ta sama, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, ƙasa tana zubowa daga rufi ba wanda ya taɓa, ko ana jin ƙara da dare. Abin yi na farko shi ne a fitar da mutane a wannan sa'a, ba gobe ba, sa'an nan littattafai da kaya in hali ya yi. A tokare azarar da gwafa mai ƙarfi wadda aka ɗora a kan katako, a rufe ɗakin, a kira magini wanda ya san ginin ƙasa. Inda akwai Sarkin Magina, kamar Kano da Zariya, gidansa ne wurin tambaya.

Haka kuma fasa bango don a fitar da ƙofar shago, ko cire al'amudi don a faɗaɗa wurin ajiye haja, ba aikin mai gida ba ne. Azara ba ta ɗaukar rufi in tazarar ta wuce wajen ƙafa 6 sai da tallafi, shi ya sa magina ke yin tauyi da baka da al'amudi. Kowannensu kaya yake ɗauke da shi ko da ido bai gani ba. Wanda zai sayi sabuwar azara kuma ya nemi ta namijin giginya, baƙa mai nauyi, ta ɓangaren bayan itacen, domin farar ta ciki taushi gare ta, abincin gara ce.

Bayan an gama duka, akwai sauran aiki ɗaya wanda ba ya cin ko kwabo. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da ya ɗauke, mai gida ya sa takalminsa ya zagaya gidansa ciki da waje, ya ga inda ruwa ya bi da inda ya tsaya. Ya maimaita haka bayan kowane babban ruwa har ƙarshen Satumba, yana zare abin da ya toshe indararo, yana buɗe magudana. Allah ya sa a ga damina lafiya, a ga kaka lafiya. Tamat.